CIWON TAGULLA NA GADO: YADDA A KE GANE SHI GA SAMARI DA 'YAMMATA

Jawabi ga Hakimai da Malamansu na ƙasar Sabon Gari da Samaru, Zariya

 Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana wani ciwo wanda ba kasafai a kan gamu da shi ba, amma in ya shiga gida ya kan ɗauki 'ya'ya biyu ko uku na ɗaki ɗaya, bi da bi, ba tare da an san abin da ya cinye su ba. Likitoci suna kiransa ciwon Wilson, da sunan likitan da ya yi cikakken bayaninsa. A nan za a kira shi ciwon tagulla na gado, gama tagulla ce ke taruwa a jikin mai shi, kuma daga iyaye a ke gadonsa.

Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan Hakimi da ciwon da ko likita ya kan yi shekaru bai gani ba? Dalilai uku ne. Na ɗaya, ciwon ya kan ɓad da kama, ya zo da siffar shawara, ko taɓin hankali, ko shaye-shaye, ko shafar iska. Sabo da haka sau da yawa maganar mai shi ta kan iso zauren mai unguwa ko ƙofar Hakimi tun ba ta isa asibiti ba. Na biyu, yana cikin 'yan cututtukan gado kaɗan waɗanda ke da magani sosai. Wanda aka gane da wuri ya kan yi tsawon rai kamar kowa, wanda aka bari kuwa ba ya tashi. Na uku, in aka gane mutum ɗaya a gida, an sami hanyar ceton ƙannensa tun ciwon bai taɓa su ba.

MISALI DAGA UNGUWAR GABAS

A ɗauki misali, ba da nufin gidan kowa ba. Ga saurayi ɗan shekara 19 a Unguwar Gabas, yana koyon ɗinki a kasuwar Sabon Gari. An san shi da ladabi da iya hannu. Sannu a hankali sai ɗinkinsa ya fara karkacewa, zare ya ƙi shiga allura, har maigidansa ya gaji ya sallame shi. In ya ɗauki kofin shayi sai rabi ya zube. Magana ta yi masa nauyi kamar ta mai maye, miyau yana dalala daga bakinsa, ga saurin fushi da ba a san shi da shi ba. Maƙwabta suka ce ai ƙwaya ya ke sha. Uwa ta ce sammu ne. Aka sayar da tunkiya aka yi turare da jiƙo, ba sauƙi. Ran nan ya mari wani yaro a bakin famfo, mai unguwa ya kawo su gaban Hakimi.

Uban yaro ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron nan ya fi ƙarfina. A kai shi inda za a yi masa mari, ko ya dawo hayyacinsa."

Hakimi ya dubi yaron ya ga hannuwansa suna rawa, bakinsa a buɗe kamar mai murmushi, alhali idonsa cike da hawaye. Ya ce, "Malam, kafin a yi maganar mari, ya taɓa yin wani ciwo yana ƙarami?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ya yi shawara sau biyu, yana ɗan shekara 12. Ta tafi da kanta."

"A ɗakinsu an taɓa rasa wani?"

"Yayarsa, Allah ya ba ka nasara. Cikinta ya kumbura, idonta ya yi rawaya, ta rasu tana da shekara 15."

"Kai da uwarsa akwai zumunci?"

"'Yar ƙanin mahaifina ce."

Hakimin da ya ji waɗannan amsoshi uku, in ya san abin da ke cikin wannan jawabi, ba zai bari a kai yaron nan gidan mari ba. Zai sa malaminsa ya rubuta takarda zuwa asibiti. Ga dalili.

TAGULLA A JIKIN MUTUM

Kowa ya san tagulla, jan ƙarfen nan da a ke yin wayar lantarki da munduwa da shi. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne akwai burbushinta cikin abinci na yau da kullum, kamar gero da dawa da wake da gyaɗa da nama. Jiki yana bukatarta domin yin jini da ƙarfafa jijiyoyi da ƙashi, amma ɗan kaɗan ƙwarai. Baligi ya kan ci kamar miligiram 1 zuwa 2 a yini, kuma duk abin da ke jikinsa gaba ɗaya bai wuce kamar miligiram 100 ba, watau nauyin ƙwayar shinkafa huɗu ko biyar.

Hanta ita ce mai lura da wannan. Ta kan karɓi tagullar da ta fito daga hanji, ta aika da abin da a ke bukata cikin jini, saura kuwa ta zuba shi cikin ruwan madaci, ya bi hanji ya fita da bayan gida. Wannan mafita kamar rariyar gida ce. In rariya tana buɗe, kome yawan ruwan damina sai ya wuce. In ta toshe, ruwa ya kan kwanta a tsakar gida, ya ci gindin katanga a hankali, sa'an nan ya shiga ɗakuna.

Mai wannan ciwo an haife shi da rariyar a toshe. Tun yana jariri tagulla ta ke taruwa a hantarsa. Hanta mai haƙuri ce, ta kan riƙe shekara da shekaru ba a ga kome ba, shi ya sa da wuya alama ta bayyana kafin yaro ya kai shekara 5. Sa'ad da ta cika sai ta fara lalacewa, tagulla ta malala cikin jini, ta sauka a ƙwaƙwalwa, musamman sashen da ke daidaita motsin gaɓoɓi, ta sauka kuma a ido da ƙoda. Yawanci ciwon ya kan fito fili tsakanin shekara 5 da 35.

Wajibi ne a lura da abu biyu. Ba a ɗaukar ciwon nan ta cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya, ko aure. Kuma sa munduwa ko sana'ar ƙira ba su kawo shi. Jama'a ba su manta da masifar gubar dalma ta Zamfara ba, wadda ta bayyana a 2010 a ƙasar Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu sabo da ƙurar duwatsun zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje. Waccan guba daga waje ta shiga, ta kama duk yaron da ya shaƙi ƙurar. Wannan kuwa abinci ɗaya a ke ci a gida, kowa ya fitar da tasa tagulla lafiya, sai wanda ya gaji toshewar.

YADDA AKA GANO SHI

A 1902 da 1903 wasu likitocin ido biyu na Jamus, Kayser da Fleischer, suka ba da labarin wani zobe mai launin tsatsa da suka gani a gefen baƙin idon waɗansu marasa lafiya. Har yau da sunansu a ke kiran zoben. A 1912 Likita Kinnier Wilson na Landan ya buga bayanin mutum 12, huɗu daga ciki shi da kansa ya duba su, ya nuna cewa ciwo ne na dangi wanda ke haɗa lalacewar hanta da ta ƙwaƙwalwa. A zamaninsa duk wanda ya kamu mutuwa ya ke yi. Sai a 1948 Likita Cumings ya tabbatar cewa tagulla ce ke cushe a hanta da ƙwaƙwalwar masu ciwon. A 1956 Likita John Walshe na Ingila ya kawo maganin sha na farko mai fitar da ita, watau fenisilamin, ya kuma ƙara da wani, tirayentin, a 1969. A 1961 wani likita a Holan ya nuna cewa zink, wanda maƙera ke kira tutiya, yana hana hanji tsotsar tagulla. A 1993 aka gano ainihin ƙwayar gadon da ke da aibin, aka sa mata suna ATP7B.

A ƙiyasin masana, a duniya a kan sami mutum 1 cikin 30,000 mai wannan ciwo. Bisa wannan lissafi, gari mai mutum 300,000 ba zai rasa kamar mutum 10 ba. Kada a ce ciwon Turawa ne. Likitoci sun buga labarin ɗan Nijeriya mai shi a 1982, an kuma buga na wani yaro a Legas a 2012. Ciwon da ba a nema ba a kan same shi ba, sabo da haka ƙarancin labarinsa a ƙasar nan bai zama shaida cewa babu shi ba.

YADDA A KE GADONSA

Wanda ya fahimci gadon sikila, watau amosanin jini, ya riga ya fahimci wannan, gama hanyarsu ɗaya ce. Kowane mutum yana da ƙwayar gadon nan guda biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wanda ɗaya tasa ke da aibi, ɗaya lafiya, ba ya ciwo har abada, kamar mai AS. Irin waɗannan sun kai mutum 1 cikin 90. Sai in namiji mai ɗauke da ita ya auri mace mai ɗauke da ita, sa'an nan kowace haihuwa akwai rabon 1 cikin 4 ɗan ya gaji aibi ta ɓangare biyu, ya zama mai ciwon. Kowace haihuwa lissafinta dabam. Ana iya haihuwar shida ba ko ɗaya, ana iya haihuwar uku biyu su kamu.

Daga nan abubuwa uku suka fito waɗanda Hakimi zai bukata wajen sasanta gida.

Na ɗaya, ba laifin uwa ba ne. A kan ji dangin miji suna cewa ɗakin wance ne ba shi da sa'a, tun da 'ya'yan kishiyarta lafiya su ke. Gaskiyar magana ita ce ɗa ba ya kamuwa sai uba da uwa kowa ya ba da tasa. 'Ya'yan kishiya sun tsira ne domin uwarsu ba ta ɗauke da ƙwayar, amma uban nan dai shi ne.

Na biyu, waɗanda ke cikin hatsari sosai su ne shaƙiƙan mai ciwon, uwa ɗaya uba ɗaya. Kowanensu rabonsa 1 cikin 4 ne, ko da ya ke a ido lafiyarsa lau. 'Yan uba hatsarinsu kaɗan ne, sai fa in uwarsu dangin uban ce ko dangin kishiyarta. 'Ya'yan da mai ciwon zai haifa, in bare ya aura, rabonsu kamar 1 cikin 180 ne.

Na uku, maganar auren zumunci. Mai ɗauke da ƙwayar in ya auri bare, rabon a dace ita ma tana ɗauke da ita 1 cikin 90 ne. In ya auri 'yar wansa ta wajen iyaye, watau 'yar baffa ko 'yar kawu ko 'yar gwaggo, rabon ya kan hau zuwa kamar 1 cikin 8. Ba a ce auren zumunci abin ƙi ne ba, gama dangi da yawa sun yi shi kaka da kakanni lafiya. Amma zuriyar da ciwon ya taɓa bayyana a cikinta, ya kamata ta nemi shawarar likita kafin a ƙulla wani.

ALAMOMIN DA ZA A LURA DA SU

Ciwon ya kan shigo ta ƙofa uku, wani lokaci ɗaya, wani lokaci duka.

1. Ta hanta. Wannan ta fi yawa ga yara da waɗanda ba su kai shekara 20 ba. A kan ga shawara mai tafiya tana dawowa, kasala, rashin cin abinci, kumburin ciki da ƙafafu, kumburin saifa, haɓo, ko aman jini. Wani lokaci kuwa, musamman ga 'yammata, ya kan faɗo farat ɗaya: ido ya yi rawaya ƙwarai cikin 'yan kwanaki, fitsari ya yi duhu kamar shayi, jini ya ƙare, hankali ya gushe. Wannan ba ya jiran gobe.

2. Ta motsin jiki. Wannan ta fi yawa ga samari da 'yammata daga wajen shekara 15 zuwa 30. Farkon abin da a kan gani shi ne lalacewar aikin hannu. Ɗalibi a Samaru rubutunsa ya ƙanƙance ko ya hargitse, tela ya kasa zura allura, yarinya ta riƙa sakin kwano. Malaman Hakimai sun fi kowa sanin hannun rubutu, su za su fi saurin lura. Daga nan sai makyarkyata, nauyin harshe, dalalar miyau, wuyar haɗiya, sandarewar gaɓoɓi, tangaɗi wajen tafiya, da baki a yage kamar mai murmushi ba dalili. Akwai wata rawar hannu sananniya: in aka ce ya ɗaga hannuwa ya lanƙwasa gwiwar hannu, yatsu suna fuskantar juna a gaban ƙirji, sai su riƙa kaɗawa kamar fukafukan tsuntsu.

3. Ta hali. Yaro mai natsuwa ya koma mai fushi da rashin kunya, ko ya shiga baƙin ciki ya daina magana, ko ƙoƙarinsa a makaranta ya faɗi ba dalili. Sau da yawa wannan ta kan riga sauran da shekara ɗaya ko biyu, shi ya sa a kan ɗora wa ƙwaya ko iska.

Ga 'yammata da matan aure a kan ƙara da ɗaukewar al'ada, ko ɓari a kai a kai.

Sa'an nan ga zoben ido. Tagulla ta kan kwanta a gefen baƙin ido, daidai inda ya haɗu da fari, ta fara daga sama, sa'an nan ƙasa, har ta kewaye. Launinsa tsakanin tsatsa da ruwan zuma, wani lokaci da ɗan kore. Ba ya hana gani. A kan same shi ga fiye da 9 cikin 10 na waɗanda ciwon ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, da kamar rabin waɗanda hanta kaɗai ya taɓa. Amma a idon baƙar fata, da ya ke shi ma launin ƙasa ne, da wuya a gan shi da ido kawai, sai likitan ido ya duba da fitilarsa ta musamman mai ƙara girma. Kada wani ya buɗe idon yaro a zaure ya ce bai ga kome ba, a koma gida. Farin zoben nan kuwa da a kan gani a idon tsofaffi, wani abu ne dabam.

Akwai abin tausayi da ya kamata kowa ya sani. Mai ciwon nan, ko da harshensa ya ƙi, fuskarsa ta zama kamar ta wawa, yawanci yana jin duk abin da a ke faɗi yana kuma fahimta. Duk ba'ar da aka yi masa ta isa zuciyarsa.

KADA A ZARCE

Ba kowace shawara ce wannan ba. A ƙasar Hausa yawancin shawara daga ciwon hanta na ƙwayar cuta ta ke, musamman nau'in B, ko daga zazzaɓin cizon sauro, ko sikila. Haka kuma shaye-shaye gaskiya ne, har Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Abin da zai sa a yi zaton ciwon tagulla shi ne haɗuwar abubuwa: matashi mai rawar hannu ko nauyin harshe ko canjin hali, wanda kuma ya taɓa ciwon hanta, ko shaƙiƙinsa ya yi irin wannan ciwo ko ya rasu da shi, balle in iyaye dangin juna ne. Haka nan matashi mai ciwon hanta wanda aka auna ba a sami ƙwayar cutar hanta ba. Ko da an je aka tarar ba shi ba ne, tafiyar ba ta zama banza ba, gama sauran cututtukan ma suna bukatar likita.

ABIN DA A KE YI A ASIBITI

Mutanen wannan ƙasa sun yi sa'ar kusanci. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962, Asibitin Koyarwa nata kuma ya koma mazauninsa na Shika a 2005, tafiyar 'yan mintoci daga Samaru a kan hanyar Funtuwa. A can akwai likitocin ciki da na ƙwaƙwalwa da na yara da na ido. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Hanya ita ce a fara da asibitin kusa, a nemi takardar turawa zuwa Shika.

Gwaji ɗaya ba ya isa, sai an haɗa. Za a duba ido da fitila, abin da ba ya ɗaukar minti goma, ba kuwa zafi. Za a ɗebi jini a auna lafiyar hanta, a auna kuma wani sinadari mai dakon tagulla cikin jini, sunansa serulofilasmin, wanda ya kan yi ƙasa ga yawancin masu ciwon. Za a tara fitsarin yini da kwana, awa 24 cif, cikin galan na musamman da asibiti za ta bayar. Na mai lafiya ba ya wuce maikirogiram 40 na tagulla, na mai ciwon da ya bayyana kuwa ya kan haura 100. In da sauran shakka a kan tsakuro ɗan ƙanƙanin yanki na hanta da allura, ko a auna ƙwayar gadon kanta. Waɗansu gwaje-gwajen a kan aika da su wani ɗakin gwaji mai nisa, sabo da haka a yi haƙurin jiran sakamako.

MAGANI

Magunguna iri biyu ne. Fenisilamin da tirayentin su kan kama tagullar da ta riga ta taru su fitar da ita ta fitsari. Zink kuwa ya kan tare sabuwa a hanji. Likita ne zai zaɓa. Fenisilamin ya kan kawo wa waɗansu zazzaɓi ko ƙuraje ko taɓa ƙoda, a kan haɗa shi da bitamin B6, kuma waɗansu masu makyarkyata ta kan ƙaru a farkon shansa. Don haka ba maganin da za a saya a kemis a sha da ka ba ne. Dukansu a kan sha su ciki ba abinci, kamar awa ɗaya kafin ci. Mai niyyar azumi ya tambayi likita yadda zai tsara lokutan sha.

Sauƙi ba ya zuwa da gaggawa. Hanta ta kan fara farfaɗowa cikin wata 2 zuwa 6. Rawar hannu da nauyin harshe su kan ɗauki shekara ɗaya ko biyu, zoben ido kuma ya dushe a hankali. Wanda aka makara ƙwarai, wani aibin ya kan zauna. Wanda hantarsa ta mutu sarai sai dashen hanta, aiki mai tsada wanda yawanci sai an fita ƙasar waje. Amma ƙanin da aka gano tun bai fara ciwo ba, in ya riƙe magani, ba zai taɓa ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

A shekarar farko musamman, a kan hana cin hanta, ko tsire ko balangu ko a miya, da jatan lande, da naman kaza, da cakulan, a kuma rage gyaɗa da yazawa. Giya haramiyarsa ce. Jiƙo da tsimin shawara su ma a bar su, gama hantar da ta raunana ba ta iya ɗaukarsu. Amma ƙauracewa abinci kaɗai ba ta maganin ciwon.

Babban gargaɗi shi ne wannan: maganin na muddin rai ne. Toshewar tana nan, magani kwashe ruwan kawai ya ke yi. An ga waɗanda suka warke sarai, suka yi shekaru lafiya, suka ce sun gama, suka bar sha, hanta ta rushe musu cikin watanni ko 'yan shekaru kaɗan, suka rasu. Mace mai ciki ma ba ta dainawa, sai dai likita ya daidaita mata awo. Masu ciwon da ke riƙe da magani suna aure, suna haihuwa, suna sana'arsu.

ABIN DA A KE ROƘON HAKIMAI DA MALAMANSU

1. In an kawo ƙarar matashi wanda halinsa ya canja, a dubi hannunsa, a saurari harshensa, a yi tambayoyin nan uku: ya taɓa shawara? An rasa wani a ɗakinsu? Iyaye dangi ne?

2. A hana duka da ɗauri da mari, har likita ya gani. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, zuwa asibiti kuma ba ya hana addu'a.

3. Malamin Hakimi ya rubuta takarda a tafi da ita. A sa shekarun yaro, da watan da abin ya fara, da abin da aka fara gani, da jerin shaƙiƙansa rayayyu da matattu, kowa da shekarunsa da irin ciwon ajalinsa, da zumuncin iyaye. In yaron ya yi makaranta, a haɗa da tsohon littafin rubutunsa da layi biyu da ya rubuta yau. Yaron da harshensa ya yi nauyi ba zai iya ba da labarin kansa ba, uba kuma ya kan ruɗe a gaban likita. Takardar nan za ta yi magana a madadinsu.

4. In an tabbatar da ciwon, Hakimi ya sa baki a kai dukan shaƙiƙai a auna su, har waɗanda suka yi aure a wani gari. Iyaye su kan ce, me za a kai mai lafiya asibiti ya yi? A nan ne maganar babba ta ke da amfani.

5. Maganin yana da tsada, ba kuma kowane kanti a ke samunsa ba. A taimaki gidan ta hanyar dangi da masu hali da kwamitin zakka, a kuma tuna musu su nemi sabo tun na hannu bai ƙare ba. Mai unguwa ya riƙa leƙawa yana tambaya ko ana sha.

6. A riƙe sirri. Kada maganar ta fita ta hana 'yan'uwan yaron aure, alhali yawancinsu lafiyarsu ƙalau, kuma gwaji ya kan bambance.

A koma ga saurayin Unguwar Gabas. In an kai shi gidan mari, tagulla ba ta san mari ba, za ta ci gaba da aikinta har ya bi yayarsa, bayan 'yan shekaru kuma a fara ganin rawar hannu ga wani ƙaninsa. In an kai shi Shika da takardar malam, akwai kyakkyawan zaton shekara biyu ba za ta cika ba sai ya koma kan kekensa na ɗinki, ƙannensa kuma a san wanda ke bukatar magani da wanda ba ya bukata. Abin da ya raba hanyoyin nan biyu tambaya uku ce da takarda ɗaya, kuma dukansu a ƙofar Hakimi su ke.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan jawabi ga dagatai da masu unguwa da shugabannin makarantu na ƙasarsu. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kiyaye zuriyar jama'a, ya taimaki shugabanni bisa riƙon amana. Amin.